Kantin Magani Ba Tireda Ba Ne

Mai hawan jini da ke shan lisinopril zai shiga kantin magani a Kano ya nemi diclofenac saboda ciwon gwiwa, a miƙa masa ba tambaya. Alhali haɗa magungunan nan biyu na iya raunana ƙoda, kuma littattafan bayanin magunguna irin su BNF sun yi wannan gargaɗi. To, amma me littafi zai tsinana wa masanin magunguna da bai da rajistar abin da majinyacinsa ke sha, balle wanda ya fi gaskata bakin dillalin kamfani? Dokar 2022 ta ƙarfafa ikon hukumar PCN a kan kantunan nan. Muna kira gare ta da ta sanya ajiye bayanan majinyata, ko da a littafin rubutu ne, cikin sharuɗɗan sabunta lasisi.