Edita, ka bar mutumin ya gama maganarsa

Akwai wani salo da ya zame wa masu shirya dokumentari a wajenmu jiki, ni kam ya ishe ni. Za a buɗe da hoton gari daga sama, kiɗan ban tausayi na tashi a hankali, sai wata murya mai kauri ta shiga karanto mana yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Daga nan sai farfesa a ofishinsa, littattafai jere a bayansa, sai shugabar ƙungiya, sai kwamishina. Can tsakiyar shirin a nuno uwar yaron da ake ta magana a kansa, ta faɗi jimla ɗaya da rabi, a datse ta tun ba ta sauke numfashi ba, a koma wa farfesa. An gama, an tafa, wanda ya ba da kuɗi ya karɓi kwafinsa. Washegari ka tambayi wanda ya kalla sunan matar nan, sai dai ya yi maka murmushi.

Na daɗe a gaban kwamfutar tace hotuna, kuma abin da na yarda da shi ke nan: shirin da ke zama a ran mai kallo shi ne wanda ya bi mutum guda mai neman wani abu da ba lalle ya samu ba. Sani Magori, ɗan Galmi a Jamhuriyar Nijar, ya yi fim a 2008 a kan albasar garinsu, wadda ’yan kasuwa ke lodi zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma. Da a hannun wasunmu ne, da mun sha jawabin jami’an gona har mu gode Allah. Shi kuwa sai ya bi wani manomi da auren ’yarsa ya rataya a kan abin da albasar bana za ta kawo. Shi ke nan, farashin buhu ya zama abin da ke sa gabanka faɗuwa, don ka san in ya karye biki ya ja baya. Duk bayanin kasuwa da bashi da dillalai yana cikin fim ɗin, amma ta kan mutumin nan ya shigo.

Samun irin wannan mutum rabin aiki ne. Sauran rabin a ɗakin tacewa yake, inda ake rubuta labarin bayan an riga an ɗauke shi. Masu fim ɗin Hoop Dreams, da ya fito a 1994, sun fara ne da niyyar yin gajeren shiri na rabin awa a kan yara masu buga ƙwallon kwando a Shikago. Sai suka ƙare da bin samari biyu, William Gates da Arthur Agee, shekara biyar, suka tara hoton da ya kai awa 250, suka tace shi ya koma kusan awa uku. Abin da ya fi taɓa ni a fim ɗin ko kusa da filin wasa bai je ba. Wurin da mahaifiyar Arthur ta ji ta ci jarrabawar zama mataimakiyar nas ne, matar da muka gani a baya zaune cikin duhu an yanke musu wuta. Editan gaggawa zai ce wannan ba ya cikin maudu’i, ya jefar. Masu ba da kyautar Oska ba su saka fim ɗin a jerin dokumentari ba, abin da ya jawo surutu sosai a lokacin, amma sun saka shi a takarar tacewa.

Misalin da nake so kowane matashin edita ya riƙe shi ne Honeyland na 2019, daga Masedoniya ta Arewa. Hatidze Muratova mace ce mai ɗiban zumar daji, tana jinyar tsohuwar mahaifiyarta a ƙauyen da kowa ya watse, ƙa’idarta kuwa ta ɗebi rabi ta bar wa ƙudan zuman rabi. Sai wani makiyayi ya sauka kusa da ita da shanunsa da tarin ’ya’ya, ya koyi sana’ar a hannunta, ya ƙi bin ƙa’idar don bashin ɗan kasuwa na wuyansa. Daraktocin biyu sun ɗauki sama da awa 400 cikin shekara uku, kuma ba sa jin irin Turkancin da mutanen ke yi. Don haka da hoto zalla suka fara harhaɗa labarin, kafin fassara ta zo. Babu mai sharhi ko ɗaya a fim ɗin, babu wanda aka zaunar ana yi masa tambayoyi. Ka gwada wannan da shirinka: kashe sauti, ka kira wanda bai san komai a kai ba ya kalla. In bai gane wa ke neman me ba, to rediyo ka yi, ka manna masa hotuna.

Laifin da ya fi yawa a teburinmu shi ne tsoron shiru. Da mutum ya dakata, edita ya sa almakashi. Alhali sau da yawa amsar farko ta ladabi ce, wadda ake bai wa baƙo: lafiya lau, mun gode Allah, gwamnati ta taimaka mana. Maganar gaskiya tana zuwa ne bayan ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya gyara zaman hularsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, mu kuma fuskar muke rufewa da hoton akuya na wucewa. Walter Murch, Ba’amurken editan nan da ya ci Oska biyu da The English Patient, ya jera abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanka, ya bai wa motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, labari kashi 23, tafiyar lokaci kashi 10. Daidaiton kusurwa da wurin tsayuwa, waɗanda su muka fi tsananta wa ɗalibai a kai, su ne a ƙarshen jerin.

Sai kiɗa. A nan wajen makwabtanmu aka koya wa duniya darasi. Jean Rouch, Bafaranshen da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar fim a Nijar har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki farautar dorina da Sarkawa ke yi a kogin Kwara a farkon shekarun 1950. Da ya tace a Faransa sai ya ɗora kiɗan mafarauta a kan wurin da ake bin dorinar, don ya ƙara armashi. Ya koma Ayorou ya haska musu. Suka ce masa ya ɓata: dorina tana da kunne, in ta ji kiɗa ai guduwa za ta yi, farautar nan a shiru ake yin ta. Ya karɓi gyara. A fim ɗinsa Moi, un noir na 1958 kuwa, a kan ’yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, sai ya bar Oumarou Ganda ya kalli hotunan ya yi magana a kansu da bakinsa, da burinsa da ɓacin ransa na tsohon sojan da ya yi yaƙin Indochina ya dawo yana dako a tashar jirgin ruwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gandan nan shi ne daga baya ya zama darakta, fim ɗinsa ya ɗauki babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ba wai Rouch ya tsira daga suka ba ne, don Ousmane Sembène ya taɓa gaya masa ido da ido cewa yana kallon ’yan Afirka kamar ƙwari.

Zargin Sembène ya shafe mu mu ma, ko da fatarmu ɗaya da wanda muke ɗauka. Edita yana iya ɗauko rabin jimla ta safe ya haɗa da rabin ta yamma, ya rufe ɗinkin da hoton hannu ko na tukunya, mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Yana iya ɗauko hawayen da mace ta zubar a kan rasuwar mahaifinta ya ajiye bayan tambayar kishiya. Ba wanda zai gane sai ita da Allah. Gajarta magana halal ne, sauya jerin al’amura don a fahimta ma ana yi, amma ma’aunina ɗaya: zan iya zama kusa da mutumin nan a tabarma ɗaya mu kalla tare?

Na san abin da abokan aiki za su ce. Wa zai ba ka kuɗin shekara uku, alhali kwana huɗu aka rubuta a kasafi? Kuma mutanenmu akwai kunya, ba sa buɗe cikinsu ga kyamara. Ta farko gaskiya ce, sai dai ko kwana huɗun ne, gara a ƙarar da su a gida ɗaya da a raba su ofis goma sha biyu. Ta biyu kuwa Aicha Macky ta amsa ta. ’Yar Damagaram ce, kuma a fim ɗinta na 2016 rashin haihuwarta ita kanta ta ɗora a gaban kyamara, zancen da ko a ɗaki raɗa ake yi da shi. A 2021 ta fito da Zinder, wanda ta ɗauka a Kara-Kara, unguwar Damagaram da a da aka ware wa kutare, cikin gungun samarin da garin ke tsoro. Da Hausa suke magana, irin tamu. Akwai mai safarar fetur daga iyakar Najeriya, akwai tsohon jagoran daba da ya koma haya da babur, yana faɗin abin da ya aikata a baya da bakinsa. Macky ba ta kira masani ya fassara mana su ba, ba ta kuma wanke su ba. Mace ce ta shiga inda maza da yawa ke shakkar taka ƙafa, ta yi ta komawa har suka saba da ita, sannan suka yi magana.