Mi ya sa ake ƙidayar aku?

Ƴan'uwa, kowa ya san aku, tsuntsun nan mai kwaikwayon maganar mutane. Wasunmu sun gan shi cikin keji a kasuwa ko a gidan wani mai kuɗi. Amma aku ba tsuntsun ƙasarmu ba ne. Gidansa na cikin manyan dazuzzukan kudu, inda ruwan sama ya yawaita.

A ƙasar Gine Bisawo, bakin tekun Atlantika, akwai tsibirai 88 da ake kira Bijagos. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina, kamar waɗanda muke gani tsakiyar kogin Kwara wajen Yamai. A wasu tsibiran nan akwai wani irin aku da ake ce ma Timne. Ya fi akun da muka sani duhu, kuma jan wutsiyarsa ya yi baƙi-baƙi. A shekarar 2000 gwamnatin ƙasar ta keɓe wasu tsibiran, ta maida su gandun da doka ta kare. Can ne ma'aikata da mutanen wurin suke bin akun nan suna ƙidayarsu.

Ga yadda suke yi. Tun da asuba suna tsayawa su lissafa akun da suka gitta. Suna neman kogon itace inda uwa ta yi ƙwai. Wani ya hau da igiya ya leƙa, ya ga ƴaƴa nawa ne. Sai a rubuta. Baɗi a sake komawa, a gwada da lissafin bana.

Ran nan wani dattijo a ajinmu ya ce mini: "Malam, mutane na fama da yunwa, wasu kuma na ƙidayar tsuntsaye? Wannan ba aikin banza ba ne?" Tambaya ce mai nauyi. Amma ni a ganina ba aikin banza ba ne.

Ku dubi makiyayi. In ya dawo da maraice, sai ya duba bisashensa ɗaya bayan ɗaya. In akuya guda ta ɓata, daren nan zai sani, ya tashi nema. Wanda ba ya dubawa, sai garke ya ƙare kafin ya farga. Haka ya faru a Gana. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa cikin kowane aku 100 da ƙasar take da su a 1992, tsakanin 90 da 99 sun ɓace. Dalilai biyu ne: kama su don saidawa, da sare manyan itatuwan da suke sheƙa ciki. Da an riƙa lissafi kowace shekara, da an yi kuka tun da wuri.

Lissafi irin wannan ya taimaka ƙasashen duniya suka ɗauki mataki. A 2016 sun taru a Afirka ta Kudu, suka hana cinikin akun daji daga wata ƙasa zuwa wata.

Abin da ya fi burge ni a Bijagos shi ne wannan: wasu masu tsaron sheƙar akun, dā su ne masu ɗebe ƴaƴan su saida. Su suka san kowane kogo, su suka iya hawa. Da aka ba su aiki, sai saninsu ya koma amfani. Ga amsar tambayar dattijonmu: tsaron aku ma yana ciyar da gida. Ɗan aku sau ɗaya ake saida shi, kuɗin su ƙare. Aikin tsaro kuwa yana dawowa kowace shekara, in dai akun na nan.

To, mu mine ne namu ciki? Namu shi ne kada mu saya. Kafin aku guda ya kai kasuwa, ƴan'uwansa da yawa sun mutu a hanya saboda ƙishirwa da matsi. In babu mai saye, mai hawa itace zai daina wahalar da kansa.

Mu kuma tambayi kanmu: waɗanne tsuntsaye ne muka sani a garinmu muna yara, waɗanda yau ba mu ganinsu? Wa ya ƙidaya su?