Jinkirin baftisma ba wulaƙanci ba ne

Bara, ana saura mako guda mu shiga azumin Kirista na kwana 40, wani abokina magini ya same ni gida a nan Maraɗi, ransa a ɓace. Shekara uku ke nan yana zuwa darasin masu neman baftisma a cocinmu na Katolika, duk Asabar da marece bayan ya sauko daga kan gini. Ni ya zaɓa in tsaya masa, wato uban baftisma. A ranar ne fada ya gaya masa cewa sunansa ba ya cikin waɗanda za a yi wa baftisma a daren Ista. Ya dube ni ya ce: "Yaya, shekarata 46. Ni ɗan lakwal ne da za a ce in maimaita aji?"

Washegari na tafi wajen fada da zafina. Yau kuwa ina ganin shi ke da gaskiya, kuma zan faɗi dalili.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, saboda haka bari in fara da yadda abin yake. Baligi ba ya shiga Katolika rana ɗaya. Da farko yana zuwa ne yana saurare yana tambaya, ba a ɗaure shi da komai ba. In ya ce ya yarda, sai a karɓe shi a ƙofar coci gaban jama'a, a yi masa alamar gicciye a goshi. Daga nan ya shiga dogon karatu a hannun katikis: Littafi Mai Tsarki, addu'o'i, dokokin Allah, da zaman duniya irin na Kirista. Ranar Lahadin farko ta azumi, bishop ko wakilinsa yana kiran waɗanda aka ga sun shirya, a rubuta sunayensu, bayan an tambayi masu tsaya musu ko sun shaidi halinsu. A Lahadi ta uku, ta huɗu da ta biyar ana yi musu addu'o'i na musamman. Sai daren Ista su karɓi baftisma, tabbatarwa da Jibin Ubangiji lokaci guda. Ko bayan nan karatu na ci gaba har kwana 50, zuwa Fentikos.

Tsarin tsoho ne, tun ƙarnonin farko na Kiristanci. Ya dusashe a Turai, sai babban taron Vatikan na biyu ya ba da umarnin maido da shi a 1963, littafin tsarin kuma ya fito a 1972. Afirka ma ta riga: Kardinal Lavigerie, wanda ya kafa ƙungiyar Fararen Fada a 1868, ya umarci mutanensa su riƙe mai nema shekara huɗu. Kuma ba mu kaɗai ake sa wa jira ba. A Faransa, inda manya sama da 10,000 suka karɓi baftisma a Istar 2025, su ma sai sun yi kamar shekara biyu suna shiri.

To me ya tsayar da abokina? Ba haddar darasi ba ce, ya fi ni iya addu'o'in. Matansa biyu ne. Ya fito daga gidan masu addinin gargajiya, ya auri ta farko a ƙauye, ta biyu a birni, kowacce da ƴaƴa. Katolika ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba. Dokar coci ta 1983 ta ce wanda ya zo da mata da yawa zai zauna da ɗaya, kuma wajibi ne a tabbatar an biya bukatun sauran bisa adalci da tausayi. Abokina ya riga ya yanke a ransa cewa zai mai da uwargida ƙauye wajen danginta. Bai gaya mata ba. Fada ya yi mini tambaya ɗaya: "Ita ta sani? Wa zai ci da ita da yaranta huɗu?" Na rasa amsa.

A nan ne na gane amfanin jinkirin. Mutum shi kaɗai ake zuba wa ruwa, amma gida guda ne ke jiƙewa. Da an yi masa baftisma a watan da ya fara zuwa, da wata baiwar Allah ta wayi gari a tasha da ƙullin kayanta, an ce mata addini ne ya jawo. Wane suna hakan zai ba mu a unguwa? Kuma wane irin Kirista zai zama?

Akwai dalili na biyu. An daɗe ana cewa ƴan mishan da shinkafa da magani suke sayen mutane. Takardar Vatikan ta 1965 kan aikin mishan ta hana tilasta wa mutum ko jawo shi da dabara, ta kuma ce a binciki dalilin mai nema. Shekara uku na zuwa darasi cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ne binciken. Wanda buhun shinkafa ya kawo shi ba ya kai wata shida. Ƙofa kuma a buɗe take: na ga waɗanda suka yi shekara guda suka koma, ba wanda ya bi su gida.

Na uku, a ƙasarmu Kirista ba su da yawa. Ikilisiyar Katolika yanki biyu ce kacal, na Yamai da na Maraɗi wanda aka kafa a 2001, ya haɗa har Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Ba mu manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, kamar yadda ba mu manta da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu ba. Wanda zai ɗauki wannan suna ya cancanci a ba shi lokaci ya auna nauyinsa.

Wani zai ce, in mutum ya mutu yana jira fa? Dokar ta tanadi wannan: mai nema da ke bakin mutuwa ana yi masa baftisma nan take, wanda ya rasu kafin haka kuma ana yi masa jana'izar Kirista.

Amma ina da ƙorafi, kuma a kanmu yake. Maganar mata biyu kamata ya yi a tashe ta tun watan farko, ba a shekara ta uku ba. Mun san halin gidansa, muka yi shiru don kunya, ni ma ina ciki. Sannan a daina tsara makomar mata a bayan idonsu. A zauna da su, a ji ta bakinsu. Darasi kuma a yi shi da Hausa tsantsa ga wanda bai yi lakwal ba, don Faransanci na sa dattijo ya gyaɗa kai alhali bai fahimta ba.

Abokina ya yi wata biyu bai taka coci ba, sannan ya dawo. Ya zauna da uwargida da yayanta, an yi magana mai ɗaci, har yanzu ba a gama ba. Ya fara ɗora mata ɗaki biyu a filinsa, ya ce da sunanta za a yi takardar. Ko bana za a kira sunansa, ko sai baɗi, shawarar ba a hannuna take ba. Abin da ke hannuna shi ne ranar da aka tambaye ni gaban jama'a ko na shaide shi, in amsa da gaskiya. Bara da an tambaye ni, da na ce e don abota, kuma da na yi ƙarya.

Allah ya ba mu zaman lafiya da juna.