Gashi Ba Na Mai Karaya Kaɗai Ba Ne

Makon nan zan ɗan kauce wa zancen littafi, amma dai a kan kalma zan tsaya.

Idan Bahaushe ya ji an tura wani gashi a asibiti, mai shanyewar ɓarin jiki ne ke faɗo masa a rai, ko wanda ya karye a hatsarin babur. Sunan da muka raɗa wa fannin, gashin ƙashi, shi ya jawo haka, sai ka ɗauka aikinsu kawai ɗumama wurin da ya riga ya lalace. Ni a ganina mun tauye fannin, kuma wasan golf ne ya buɗe mini ido.

E, golf ɗin nan da muke yi wa dariya, wai wasan masu tumbi ne da ba a gumi. Ku duba abin da ke faruwa a bugu ɗaya. Ɗan wasa ya kafe ƙafafunsa, ya murɗa jikinsa baya, sannan ya warware da ƙarfi. A hannun ƙwararre, kan doguwar sandar kan yi gudun da ya haura kilomita 170 a awa, duka-duka cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Kuma gefe guda yake murɗawa kullum, ya yi ta maimaitawa a wurin atisaye. To wace gaɓa ce ke juyawar? Gaɓoɓi 5 na ƙasan gadon baya, wato tsatso, sun fi ƙwarewa a sunkuyo da miƙewa, juyinsu kaɗan ne ƙwarai. Juyi na kwatangwalo ne da na saman baya, inda haƙarƙari ke haɗe. Idan kwatangwalo ya sandare saboda yawan zama, jiki ba ya fasa bugun, sai ya ranto juyin daga tsatso. Ciwo ya fito a tsatso, alhali mai laifin yana can wani wuri.

A nan likitan gashi ke da amfani tun kafin a ji ciwo. Zai sa ka tsaya da ƙafa ɗaya. Zai ce ka juya ƙugu ba tare da kafaɗa ta motsa ba, abin da mutane da yawa ke kasawa. Zai kwantar da kai ya auna iya inda cinyarka ke juyawa ciki. Inda ya ga cikas, nan zai ba ka motsa jiki na musamman. Baya ya huta, ƙwallo kuma ta ƙara nisa, domin ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa: ƙafa ta miƙa wa ƙugu, ƙugu ya miƙa wa ƙirji, hannu ne na ƙarshe.

Ɗauki Tiger Woods na Amurka. An yi masa aikin baya a 2014, aka sake har sau biyu a 2015, sannan a watan Afrilun 2017 aka liƙe masa gaɓar ƙarshe ta tsatso gaba ɗaya. Wani zai ce, ai ga shi nan, mutumin da duniya ta san shi da atisaye bai tsira ba. Haka ne, ban ce motsa jiki laya ba ne. Amma a lura da abin da ya biyo baya. Mai fiɗa ya gama nasa cikin awoyi, saura kuwa watanni ne na koya wa jiki yadda zai yi bugun da gaɓa ɗaya a kulle. A Afrilun 2019, yana da shekara 43, ya ci gasar Masters a Ogasta, babbar gasarsa ta farko tun 2008. Masu ba da labari sun fi son ranar fiɗa da ranar kofi. Waɗancan watannin na tsakiya ba su da armashin kanun labari, shi ya sa ake tsallake su.

Mu da muke wuni a dunƙule kan waya da kwamfuta, kwatangwalonmu bai fi na ɗan golf ɗin ƙarshen mako sakewa ba. Amma wa zai je gashi alhali bai karye ba? Sunan kansa ya kore shi. Ni dai yanzu a rubutuna likitan motsin jiki nake cewa, duk da wani abokina ya ce ya yi masa kama da malamin fareti.