Shan Inna: Ba Likita Kaɗai Ya Kore Ta Ba

'Yan uwa, ranar 25 ga Agustan 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Aka yaba wa likitoci, kuma sun cancanta. Amma duk wanda ya ce aikin nasu ne su kaɗai, to bai san yadda aka yi ba.

Maganin nan ɗigo biyu ne a bakin yaro, kuma ya daɗe a ƙasa. Abin da aka rasa shi ne yarda. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Jama'a ba su manta ba, kuma suna da hujjar tsoro. Shi ya sa da jita-jita ta taso a 2003 cewa rigakafin yana hana haihuwa, nan take aka gaskata, har gwamnatin Kano ta dakatar da shi sai 2004. Wa ya sha wahalar? 'Ya'yan talakawa, waɗanda ƙafafunsu suka shanye. Cutar kuwa ta tsallaka har Sudan da Yaman da Indunusiya.

Ba a ga haske ba sai da aka gane cewa likita ba ya wuce zaure. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Mai unguwa ya riƙa yin gaba, malami ya yi bayani, matan unguwa da ungozoma suka shiga ɗaki ɗaki, waɗanda cutar ta nakasa suka fito kan kekunansu suna cewa ku dube mu. Ga mai ɗaukar akwatin ƙanƙara cikin rana, ga mai gwada bayan gidan yara a Ibadan da Maiduguri. Wasu ma da ransu suka biya: a Fabrairun 2013 an harbe masu rigakafi tara a Kano.

To kai fa, ɗan uwa? Ƙyanda tana nan, zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa yana dawowa duk rani. Idan labari ya zo maka a waya, kada ka tura sai ka tambayi ma'aikacin asibitin unguwarku. Idan kuma masu rigakafi sun yi sallama, kai da ke zaune a dakali ne za ka tashi ka yi musu iso wurin maigida.