KAMI: SUN ƘI WA 'YA'YANSU, SUN BIYA WA NAMU

Mai karatu, a watan Satumba na 2002 ne gidan talabijin na Afirka ta Kudu ya fito da wata 'yar tsana mai launin ruwan ɗorawa, irin wadda ake zura hannu a ciki ana yi mata murya, a shirin yara na Takalani Sesame, wanda reshe ne na Sesame Street da Amurkawa suka fara a 1969. Sunanta Kami, daga kalmar Kamogelo ta harshen Setswana, ma'ana karɓa. A labarin da aka tsara mata, shekararta 5, marainiya ce, ƙanjamau ya kashe uwarta, ita ma tana ɗauke da ƙwayar cutar.

Sai mutum ya san halin da ƙasar ke ciki sannan zai gane dalili. A 1997 wata makarantar firamare a Johannesburg ta so ta ƙi karɓar yaro Nkosi Johnson saboda cutar; ya rasu a 2001 yana ɗan shekara 12. A Disambar 1998 mutanen unguwar KwaMashu suka yi wa Gugu Dlamini duka da jifa har ta cika, laifinta kawai ta fito ta ce tana da ita. Yaran da aka yi Kami dominsu ba labari suke ji ba, iyayensu suke binnewa.

Tun kafin ta bayyana, a Yulin 2002, wasu 'yan majalisar wakilan Amurka na jam'iyyar Republican, ƙarƙashin Billy Tauzin, suka rubuta wa tashar PBS cewa wannan ba abin nuna wa ƙananan yaran ƙasarsu ba ne, suka kuma tuna mata cewa tana cin kuɗin gwamnati. Tashar ta ba su tabbacin ba za a kawo ta ba. Alhali kuwa hukumar USAID ta gwamnatin nan tasu tana cikin masu biyan kuɗin shirin a Afirka ta Kudu! A 2003 UNICEF ta naɗa Kami jakadiyar yara. A wasu lokutan kuma ta fito tare da Bill Clinton da Desmond Tutu. A 2011 kuma ta iso Nijeriya cikin shirin Sesame Square na NTA, ita da wani Zobi, shuɗi, mai tasi, mai son doya. Wa ya biya? USAID ɗin dai.

Na san da yawa cikin 'yan uwa da jin haka za su ce ai magana ta ƙare: abin da mai dafawa ya ƙi ci, guba ne. Ba a rasa dalilin zargi ba, mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. To amma ni ban ga gubar a nan ba. Me Kami ke koya wa yaro? Cewa ba a ɗaukar cutar ta wasa tare ko runguma ko cin abinci kwano ɗaya. Cewa in ka ga jini kada ka taɓa, kira babba. Cewa maraya yana kewar uwarsa, har da ɗan akwatin da take ajiye kayan tunawa da ita. Wanne ne ɓata tarbiyya a ciki? 'Yan majalisar can ba tsarkin 'ya'yansu suka kare ba, ƙyamarsu suka kare, irin ƙyamar da ta kashe Gugu.

Abin da ya kamata ya hana mu barci daban ne. Jinƙan maraya da duba maras lafiya ba baƙon darasi ba ne a wajenmu, tun muna makarantar allo muke jin sa. To me ya sa sai da aka yo wa 'yar tsana hanya daga New York, ta bi ta Johannesburg, ta zo tana Turanci, kafin a gaya wa ɗan shekara biyar kada ya guji ɗan maƙwabcinsu? Marubutanmu nawa ne, masu kuɗinmu nawa ne? Ana kashe miliyoyi kan fim ɗin soyayya da bikin aure, amma shirin yara sai wanda aka ba mu sadaka. Mu da muke da Gizo da Ƙoƙi a hannu, ba mu ɗinka musu riga mun sa su gaban kyamara yadda ya kamata ba.

Wanda ya biya kuwa shi ke zaɓar darasi. Jiya ya zaɓi ƙanjamau, muka dace darasin mai kyau ne. Gobe in ya zaɓi abin da ba mu yarda da shi ba, da wane shirin za mu amsa masa? Kuma shi ke zaɓar ranar tafiya: a 2025 gwamnatin Trump ta rushe USAID ɗin gaba ɗaya, ba tare da ta shawarci ko uba ɗaya daga cikin waɗanda 'ya'yansu suka taso suna kallon Kami da Zobi ba.