Gani Ya Kori Ji, Mu Kuma Mun Kori Masu Gani

Akwai wata asara da muke tafkawa kullum a ƙasar Zazzau, ba mai yi mana jaje a kanta, ba kuma jaridar da ke buga ta. Duk tsoho ko tsohuwar da aka kai makwanci ba tare da wani ya zauna ya ɗauki abin da idonsu ya gani ba, an rufe su ne tare da wani yanki na tarihin duniya. Da gangan na ce na duniya, domin kusan duk abin da ya girgiza ƙarni na ashirin sai da ya ratsa ta gindin dutsen Kufena.

A 1902 sojojin Turawa suka yi sansani a Zariya. A 1911 jirgin ƙasa ya iso, ya ɗaura audugar manomanmu da masaƙun Ingila. A 1918 annobar marisuwa, wadda ta kashe miliyoyin mutane a faɗin duniya, ta shigo gidajenmu. A 1924 aka kafa barikin horar da kuratan soja. A 1939, shekarar da Yaƙin Hitila ya ɓarke, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a nan garin, Abubakar Imam yana editanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa an yi shi ne a kan idon dubban mutane masu hankali da baki. To, ina maganarsu take?

Abin da muke ba 'ya'yanmu da sunan tarihi iri biyu ne. Na farko jerin sarakuna: wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya rasu, wane ya gaje shi. Na biyu rahoton Bature: abin da Razdan ya rubuta wa Gwamna, Gwamna ya aika Landan. Duka biyun suna da amfani, amma duka biyun magana ce daga kan doki. Mai tafiya a ƙasa, wanda ƙurar dokin ta buɗe, ba a tambaye shi ba.

Dubi yadda ake ba da labarin zuwan Turawa. Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, ya matsa wa ƙasar Zazzau da hari, Sarki Kwasau ya nemi taimakon Lugga, Turawa suka shigo, daga baya suka tuɓe shi suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Shi ma suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja. Gaskiya ne, haka aka yi. Sai dai wannan labarin bai gaya maka yadda mace take ji ba idan ta fita ɗaukar itace tana tsoron mahara, ko yadda dangi suke harhaɗa dukiya don fansar wadda aka kama.

Wadda ta gaya mana wannan ita ce Baba ta Karo. An haife ta a 1877, ta rasu a 1951, ba ta taɓa riƙe sarauta ba, ba ta kuma yi boko ba. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa da Zariya, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954. Daga bakinta muka san yadda rinjin gidansu yake, yadda bayi suka riƙa watsewa bayan zuwan Turawa, yadda talakawa da masu mulki suka kalli baƙin da ido daban-daban, da yadda aure da saki da ƙawance suke tafiya a tsakanin mata. Mijin Mary, M. G. Smith, ya rubuta babban littafi a kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950. Duk wanda ya karanta biyun ya san wanne ne ya fi shigar da shi cikin gida, ya zaunar da shi a kan tabarma.

Abin kunya a nan shi ne, fiye da shekara saba'in ke nan, kuma har yau idan ana neman muryar Bahaushiya talaka da ta ga zuwan Turawa, wajen Baba ake komawa. Baƙuwa ce ta zo daga ƙetaren teku ta ga darajar wannan tsohuwa. Mu da ke da irinta a kowane gida, sai muka ce surutun tsufa ne.

Haka muka yi wa 'yan Bama. Dubun dubatan 'yan Nijeriya aka kwasa a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yaƙi Japanawa a dazuzzukan Bama. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Wasu bataliyoyin Nijeriya sun yi yaƙi a 1944 cikin dakarun da ake kira Chindit, kuma wannan sunan ne barikin Zariya yake ɗauke da shi har gobe. Sunan yana nan a ƙofa, mutanen sun tafi. Hafsoshinsu Turawa sun koma gida sun cika kantunan littattafai da tarihin kansu. Namu sun dawo, wasu suka zama masu gadi, wasu 'yan doka, suna ba da labarin teku da Indiya a bakin kasuwa, yara na dariya. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, yau ya haura ɗari. Wannan ƙofa ta kusa rufuwa gaba ɗaya.

Na san abin da masu ja za su ce. Za su ce tsoho yana mantuwa, yana ƙari, yana gyara labari don ya fito fes. Haka ne. Ita kanta Baba 'yar gidan masu bayi ce, da baiwar rinjinsu ce ta yi magana, da mun ji wani abu daban. Amma wa ya ce takarda ba ta da son rai? Razdan da ke rubuta rahoto yana neman ƙarin girma, ta bakin tafinta yake ji, kuma ya san abin da na sama da shi yake so ya karanta. Dokta Miller, ɗan mishan da ya zauna cikin birnin Zariya kafin su koma Wusasa a 1929, shi ma shaidar gani da ido ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ba sa ga maciji da Sarki Aliyu. Me ya sa shaidarsa ta zama hujja, ta mai sayar da fura ta zama tatsuniya? Marigayi Yusufu Bala Usman ya daɗe da nuna cewa ko rubutun Barth a kan Katsina sai an tankaɗe shi an rairaye. Maganin shaida mai rauni shi ne a nemo wasu shaidun a gwada su da juna.

Kuma ba ma buƙatar wani ya koya mana wannan aiki. Malaman zaure na birnin Zariya sun gaji ilmin isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riske shi ko bai riske shi ba, mai gaskiya ne, ƙwaƙwalwarsa tana riƙe abu? Al'ummar da ta san wannan ma'auni ba ta da uzurin cewa maganar baki ba ta tantancewa.

Wasu kuma za su ce a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido. Suna nufin 1966, lokacin da aka kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Sabon Garin Zariya. Suna nufin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da harbin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello a watan Mayun 1986. Amsata ita ce, shirun da muka yi bai hana a ba da labarin ba. Ana ba da shi kullum a Facebook, daga bakin waɗanda ba a ko haife su ba a lokacin, kowa yana yanko abin da zai hura wutar ɓangarensa. Wanda ya gani da ido shi ne zai gaya maka har da maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaka, har da abin da namu suka yi wanda ba ma son ji. Mai jita-jita ba ya kawo ko ɗaya daga cikin biyun.

Wasu ƙasashe sun gane haka tun da wuri. A Amurka, tsakanin 1936 da 1938, gwamnati ta tura marubuta suka ɗauki bayanin tsofaffin bayi fiye da 2,300 kafin su ƙare. A 2015 Svetlana Alexievich ta Belarus ta sami kyautar Nobel ta adabi da littattafan da ta gina daga muryoyin mutanen da suka ga yaƙi da bala'in Chernobyl. A nan ma an taɓa farawa. Shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa na Kaduna sun tara rubuce-rubuce da hirarraki, kuma a shekarun 1970 masu bincike sun zauna da tsofaffi a Hanwa da Biye suna tambayar zaman rinji. Amma aikin ya tsaya a hannun masana, mafi yawansa da Turanci, bai dawo wa masu shi ba.

Saboda haka da ku nake, marubuta. Mun iya cika shafi ɗari uku da soyayyar attajirin da ba a taɓa yi ba, alhali kakarmu da ta ga farin 1973 tana zaune a tsakar gida ba mai tambayar ta. Wayar da ke hannunka ta fi duk kayan aikin da Mary Smith ta riƙe. Ka nemi izini, ka rubuta suna da rana da wuri, ka bambance abin da aka gani da abin da aka ji, ka bar maganar da Hausarta yadda ta fito, kada ka yi mata kwalliya. Ka je wajen mata, da jikokin bayi, da Maguzawa, da mutanen Wusasa, da tsofaffin ma'aikatan reluwe na Sabon Gari, da sojan da ya shiga yaƙin basasa yana ɗan ashirin, wanda yau yake dab da tamanin. Ka ajiye kwafi a inda wani zai same shi bayanka.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai mai ita yana raye. In muka jira har sai an ware kuɗi an kafa kwamiti, jikokinmu za su nemi labarin zamaninmu su tarar da rahoton jami'i da jerin masu mulki kawai, kamar yadda muka tarar.